James Cagney: Yadda Ɗan Rawa Ya Zama Uban 'Yan Daban Hollywood

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kwanan nan na kalli wani tsohon fim ɗin Amurka mai suna White Heat, inda James Cagney ya fito a riƙaƙƙen ɗan fashi. Na daɗe ban ga mutum mai ban tsoro a fim kamarsa ba. Sai wani abokina ya ce wai asalinsa ɗan rawa ne a gidajen wasa. Da gaske ne? In haka ne, yaya aka yi ɗan rawa ya zama wannan mugun, kuma me ya sa ba a san shi da rawar ba?

Amsa: Abokinka bai yi maka ƙarya ba, Malam. Hasali ma bai faɗa maka rabin zancen ba, domin rawar farko da aka biya Cagney kuɗi a kanta, cikin kayan mata ya yi ta. Sai dai akwai gyara ɗaya a tambayarka. Ka ɗauka ya tuɓe rawa ne ya ajiye a bakin ƙofa, sannan ya shiga fim ya koyi mugunta. A ganina ba haka aka yi ba. Tsoron nan da ya ba ka, ƙafafun ɗan rawa ne suka kawo shi, kuma zan nuna maka inda za ka duba ka gani da idonka.

Amma sai ka fara sanin gidan da ya rene shi. Daga wajen 1880 zuwa farkon shekarun 1930, babban nishaɗin talakan Amurka shi ne vaudeville, mu ce bodabil. Ba wasan kwaikwayo ba ne mai labari ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Za ka biya kuɗin ƙofa ka zauna, a jero maka wasanni takwas ko tara waɗanda ba abin da ya haɗa su: mai tafiya a kan igiya, mai karnuka masu wayo, mawaƙiya, 'yan barkwanci biyu, mai rufa-ido, 'yan rawa. Kowa na da minti 10 zuwa 20, ya yi nasa ya sauka. Mafi kusa da shi a wajenmu shi ne gidan gala, sai dai na can babban kasuwanci ne mai rassa a ɗaruruwan garuruwa. Kamfanin Keith da Albee ne ke riƙe da gabashin ƙasar, Orpheum na riƙe da yamma, kuma burin kowane ɗan wasa shi ne ya taka dandamalin gidan Palace na New York, wanda aka buɗe a 1913.

Har jerin fitowa yana da dokarsa. Wasan farko ana ba wa marasa magana ne, masu tsalle-tsalle ko masu dabbobi, saboda a lokacin mutane na ta shigowa suna neman wurin zama, ba mai saurare. Tauraron gida shi ke fitowa ana saura wasa ɗaya a tashi. A manyan gidaje sau biyu ake wasa a rana. A ƙananan gidaje kuwa, inda Cagney ya sha gwagwarmayarsa, sau huɗu ne, sau biyar, wani lokaci har fiye. Ga manajan gida a tsaye can baya a ranar farko yana kallo. In wasanka bai karɓu ba, ba doguwar magana, sai ya ciro hotunanka da aka liƙa a ƙofar gida ya miƙo maka, ka san ka nemi kuɗin jirgin ƙasa zuwa gari na gaba.

Wanda ya rayu a irin wannan wuri yana fitowa da abin da ba a koyarwa a aji. Jama'ar da ke gabansa ba don shi suka zo ba, don haka in bai cafke su a minti na farko ba, ya rasa su. Ba darakta, ba a sake ɗauka. Kuma da yake wasa ɗaya ne yake maimaitawa ɗaruruwan lokuta a gaban mutane daban-daban, sai ya san daidai inda zai dakata, tsawon dakatawar, da kuma lokacin da ɗaga gira ɗaya ya fi jimla guda amfani.

An haifi Cagney ranar 17 ga Yulin 1899 a New York, ya tashi a unguwar Yorkville, unguwar talakawa 'yan ci-rani. Mahaifinsa jinin Ireland ne, yana sayar da giya a mashaya, yana kuma taɓa dambe. Mahaifiyarsa, Carolyn, ita ce ginshiƙin gidan, mace mai tsayawa a kan karatun 'ya'yanta, har biyu daga cikinsu suka zama likitoci. Shi James ya yi faɗan titi ya ƙoshi, ya iya dambe har ana zuga shi ya mayar da shi sana'a, uwar ta ce sam. A titin dai ya tsinci Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai da suke maƙwabtaka da su. Ya gama sakandaren Stuyvesant a 1918, ya shiga jami'ar Columbia, sai annobar murar nan da ta zagaye duniya har ta iso ƙasar Hausa ta ɗauke mahaifinsa, ga uwa da juna biyu. Karatu ya tsaya nan.

Yana aiki a kantin Wanamaker a 1919 aka ba shi labarin wani wasa mai suna Every Sailor da ke neman mutum ɗaya. Maza ne ke shigar mata suna rawa a sahu. Albashi dala 35 a mako, ya ninka abin da yake samu a kanti. Takun rawa ɗaya tak ya iya a duniya, wanda ake kira Peabody, amma ya iya shi sarai. Sauran kuwa satar kallo ya yi. Yana tsaye a gefe yana jiran a kira shi, idonsa na kan ƙafafun waɗanda suka riga shi, yana ɗaukewa. Haka ya koyi rawa duk rayuwarsa, bai taɓa ɓoyewa ba. Wata biyu ya yi ya bari don ran mahaifiyarsa bai so ba, amma ya riga ya ɗanɗana. A 1920 ya shiga sahun 'yan rawar baya a wasan Pitter Patter a Broadway, titin manyan gidajen wasa na New York, a nan ya haɗu da wata 'yar rawa, Frances Vernon, wadda kowa ke kira Billie. Suka yi aure a 1922, kuma mutuwa ce ta raba su bayan shekara 60 da ɗoriya, abin da ba kasafai ake ji a Hollywood ba.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne zalla. Shi da matarsa suka haɗa wasan rawa da barkwanci suna bin ƙananan gidaje. Ya taɓa shiga wani rukuni na mutum uku ya maye gurbin wani saurayi ɗan Ingila mai suna Archie Leach, wanda duniya ta sani daga baya da Cary Grant. A 1924 suka gwada sa'a a California, suka buɗe makarantar rawa, ɗalibai ba su zo ba, sai da suka ci bashi suka dawo gabas. A 1925 ya samu babban rol ɗinsa na farko wanda ba na rawa ba a wasan Outside Looking In na Maxwell Anderson, kuma shi da bakinsa ya ce jan gashinsa ne ya ba shi, don ana neman mai jan gashi kuma nasa ya fi na abokin takararsa ja. Bayan nan aka ba shi jarumin wani wasa da za a kai Landan, ana gab da tashi aka canza shi da wani. Saura ƙiris ya bar sana'ar, matar ce ta hana.

Abin da ya buɗe masa ƙofa shi ne abin da ya rufe gidan da ya rene shi. A 1927 kamfanin Warner ya fitar da The Jazz Singer, aka ji Al Jolson na waƙa da magana daga cikin majigi. Mai gidan wasa ya yi lissafi: da ya biya mutum arba'in da makaɗa kowane mako, gara ya yi hayar faifan fim. Gidajen bodabil suka riƙa komawa silima ɗaya bayan ɗaya, har Palace ɗin kansa ya sallama a 1932. Hollywood kuma ta tashi da buƙatar mutanen da suka iya magana a gaban jama'a, don da yawa daga taurarin fim maras sauti ba su iya ba. Sai ta juya ga mutanen dandamali. A 1930 Cagney da Joan Blondell suka fito a wasan Penny Arcade, wanda mako uku kawai ya yi ya mutu. Amma Jolson ya kalla, ya sayi haƙƙin labarin, ya sayar wa Warner da sharaɗin a ɗauki waɗannan biyun. Aka mai da shi fim mai suna Sinners' Holiday. Kwantiragin mako uku aka ba Cagney, dala 500 a mako, sai ga shi ya zarce.

To ga inda nake so ka buɗe ido. A 1931 aka fara ɗaukar The Public Enemy, labarin yaran Chicago da suka girma suka zama 'yan sumogar giya, lokacin da doka ta haramta giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933. Edward Woods aka ba jarumi, Cagney abokinsa. Darakta William Wellman ya ga cewa duk sin ɗin da su biyun suka tsaya, ido na kan gajeren, sai aka musanya musu rol. Kowa na tuna wurin da ya murza wa Mae Clarke, wadda ta fito a budurwarsa, ɓarin garehul, ɗan itace mai kama da babban lemun zaƙi, a fuska suna karin kumallo, wurin da ni dai ba na jin daɗin yadda ake yi masa dariya har yau, cin zarafi ne ƙarara. Amma ka bar wannan, ka duba yadda yake tsayuwa. Nauyinsa ba ya kan dunduniya, yana kan tafin ƙafa ta gaba, jikinsa ya ɗan karkato, hannuwa a sake a gaban cinya. Mutum ne da ke shirin motsi ko da yana tsaye cik, kuma ba ka san ko rungumarka zai yi ko naushi ba. Wannan rashin sanin shi ne tsoron. 'Yan wasan zamaninsa da yawa fuska da murya suke amfani da su, daga wuya zuwa ƙasa a sandare suke. Shi kuwa har yatsun ƙafarsa suna cikin wasan. Akwai wurin da ya rabu da Jean Harlow a bakin titi, murna ta kama shi, ya ɗan yi wani taku na rawa kafin ya shiga mota. Daƙiƙa biyu ne, amma a nan za ka gane ɗan daban nan yaro ne da ke jin daɗin ɓarnarsa. Ka kuma duba faɗuwarsa cikin ruwan sama bayan an harbe shi, yadda gwiwa ke fara saki, sannan ƙugu, sannan sauran jiki. Wanda bai san inda nauyin jikinsa yake ba ba zai iya faɗuwa haka ba.

Maganarsa ma haka take. A farkon fim mai sauti ana koya wa 'yan wasa su ja magana a hankali don na'ura ta ɗauka. Shi sai ya riƙa zubo ta da gudu, kowane harafi na fita tsaf, yana yanka ta gunduwa-gunduwa kamar yadda mai rawar ƙwas-ƙwas ke lissafa bugun takalminsa.

Tunda na ambaci wannan rawa, bari in ɗan ratse. Rawar ƙwas-ƙwas, wadda ake maƙala ƙarfe a ƙasan takalmi ƙafa ta zama abin kiɗa, a unguwannin talakawa irin Five Points na New York ta ƙulla kanta a ƙarni na 19, inda takun 'yan Ireland ya gamu da na baƙaƙen fata jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Babban gwaninta a zamanin bodabil baƙar fata ne, Bill Robinson, wanda aka haifa a 1878. Shi ma ya shiga fim, kuma rawarsa a kan matakala tare da ƙaramar yarinya Shirley Temple a The Little Colonel na 1935 har yau ana kallonta. Amma rol ɗin da aka fi ba shi na baran gida ne. Ya fi Cagney iya rawa nesa ba kusa ba, sai dai ƙofar da ta buɗe wa ɗan Ireland ya zama jarumi, ya zama ɗan daba, ya zama ɗan sanda, ba ta buɗe masa ba. In ana ba da labarin 'yan bodabil da suka ci ribar zuwan fim mai sauti, ya kamata a riƙa faɗin wannan.

Yanzu ga kashi na biyu na tambayarka, dalilin da ya sa ba a san shi da rawa ba. Amsar kuɗi ce. A wancan zamani ɗan wasa ma'aikacin kamfani ne, kwantiragin shekara bakwai, abin da aka miƙo maka shi za ka yi, in ka ƙi a dakatar da albashinka. Warner sun ga cewa Cagney da bindiga ko dunƙulallen hannu yana cika silima, kuma irin fim ɗin ba ya cin kuɗi, cikin 'yan makonni an gama. Fim ɗin rawa kuwa yana son makaɗa, sutura, da watannin gwaji. Don me za su canza? Ko a Taxi! na 1932 da aka bar shi ya yi rawa, gasa ce da ya faɗi, wanda ya cinye shi kuma George Raft ne, wani tsohon ɗan rawan da shi ma ya koma ɗan daban fim, sin ɗin ya ƙare da Cagney ya kai masa naushi. A fim ɗin ne kuma ya yi Yidish ɗinsa na titi. Sai a Footlight Parade na 1933 aka sake shi ya yi rawa sosai, cikin kayan sojan ruwa, a kan kantar mashaya tare da Ruby Keeler. Labarin fim ɗin ma na mai shirya wasan dandamali ne da fim mai sauti ya kashe wa kasuwa, wato abin da ya gani da idonsa.

Bai zauna ya zuba ido ba. Ɗan bodabil ya saba lissafa kuɗin ƙofa, ya san nawa yake kawowa. Ya yi yaji a 1931 aka kai albashinsa dala 1,000 a mako. Ya sake tafiya a 1932, ya yi wata shida, ya dawo a kan dala 3,000 da sharaɗin fim huɗu kawai a shekara da sunansa a saman fosta. Da kamfani ya karya sharaɗin, ya maka su a kotu a 1936 ya kuma yi nasara, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Yana cikin 'yan gaba-gaba a ƙungiyar 'yan wasan fim, har ya shugabance ta daga 1942 zuwa 1944. Ba albashi kaɗai ba ne abin faɗan. A finafinansa na farko harsashi na gaske ake harbawa, a kawo gwanin harbi ya riƙa fasa bangon da ɗan wasa ya laɓe a bayansa. Daga baya Cagney ya ce ya daina tsayawa gaban harsashi don wani ya yi arziki.

Da ya samu 'yancin, me ya yi da shi? Ya je ƙaramin kamfanin Grand National ya yi fim ɗin rawa, Something to Sing About, a 1937, ya jawo tsofaffin abokansa na bodabil, Johnny Boyle da Harland Dixon, suka taka tare. Fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba, kamfanin ma bai daɗe ba ya durƙushe. A 1938 ya koma Warner a kan dala 150,000 kowane fim, ya sake ɗaukar bindiga a Angels with Dirty Faces. A nan ne ya yi motsin da masu kwaikwayonsa suka riƙe har abada: murɗa wuya, ɗaga kafaɗa, jan wando sama da wuyan hannu. Ya ce wani kawali ne da ke tsayawa a kusurwar titi a unguwarsu yana yaro ya kwaikwaya. Satar kallon nan dai ta ranar farko. Ƙarshen fim ɗin kuma darasi ne. Wani limamin coci, abokinsa na yarinta, ya roƙe shi ya mutu kamar matsoraci don yaran unguwa su daina ɗaukarsa gwarzo. Ya ce ba zai yi ba. Ana kai shi kujerar lantarki sai ya ɓarke da ihu da turjiya, kuma galibi inuwarsa a bango da hannuwansa kawai ake nunawa. Ko tsoron gaske ne ko don yaran ya yi, da gangan ya bar shi a buɗe.

Rawar ta samu ranarta a 1942, kuma siyasa ce ta taimaka. A 1940 an zarge shi da alaƙa da 'yan kwaminisanci, har ya je gaban ɗan majalisa Martin Dies aka wanke shi. Ƙaninsa William, wanda ke kula da harkokinsa, ya ga cewa maganin wannan tabo shi ne fim mai kishin ƙasa da ba mai iya musu a kansa. Sai ga Yankee Doodle Dandy, tarihin George M. Cohan, mawaƙi kuma ɗan rawa da ya tashi a bodabil tare da iyayensa da 'yar'uwarsa. An fara ɗauka a daidai makon da Japan ta kai hari Pearl Harbor, a Disambar 1941. Cagney na da shekara 42. Johnny Boyle ne ya koya masa takun Cohan: ƙafafu a miƙe ba a lanƙwasa gwiwa, ƙugu a sama, kai a gaba, ya ruga ya taka bangon gefen dandamali ya juyo. Ba shi da muryar waƙa, sai ya riƙa faɗin baitocin rabi magana rabi waƙa, yadda Cohan ɗin ma yake yi. Ƙanwarsa Jeanne, wadda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsu, ita ta fito a 'yar'uwarsa. Akwai wurin da tsoho Cohan ke saukowa daga matakalar fadar shugaban ƙasa, yana tafe a natse, sai ƙafa ta fara bugawa, ya sauko har ƙasa yana rawa bai kalli matakalar ba ko sau ɗaya. Fim ɗin na farfagandar yaƙi ne, ba ya ɓoye hakan, kuma akwai wani ɗan gajeren sin da suka shafa baƙin fenti a fuska irin na wasannin raina baƙar fata na da. Ka san da wannan kafin ka kalla. Amma shi ne ya ba shi Oscar ɗinsa ɗaya tilo. Mutumin da duniya ta sani da bindiga, da rawa ya ci kyautar.

Bayan nan shi da William suka kafa kamfaninsu, suka yi finafinai irin waɗanda ransa ke so, masu sanyi, kamar Johnny Come Lately da The Time of Your Life. Na biyun ya ci kuɗi bai dawo da su ba. Wannan asarar na cikin abin da ya mai da shi Warner a 1949, wato fim ɗin da ka kalla. Yana da shekara 50, ya yi ƙiba, ya daɗe yana gudun rol ɗin ɗan daba. Ka koma sin ɗin ɗakin cin abincin fursunoni, ka kashe sauti. Labarin mutuwar uwarsa na tafiya daga kunne zuwa kunne a kan dogon tebur har ya iso gare shi. Ya yi shiru tukuna, yana kallon kwanonsa. Sannan ya miƙe, ya hau tebur, ya bi ta kan kwanuka yana tangaɗi, ya diro, ya naushi gandiroba na farko, ya juya, na biyu, ya juya, na uku, har aka ɗauke shi cak yana harba ƙafafu. A ido hauka ne tsagwaronsa, amma kowane juyi yana da lissafi, kowane naushi ya sauka inda kyamara ke jiransa. Ihun da yake yi kuwa, ya ce tun yana yaro ya ji irinsa a asibitin masu taɓin hankali na tsibirin Ward da ya taɓa ziyarta. Haka ma wurin da ciwon kai ya kayar da shi, ya lallaɓa ya zauna a cinyar uwarsa, ƙaton mutum mai furfura. 'Yan wasa kaɗan ne za su yarda su yi wannan, kuma da bai san yadda zai sauke nauyinsa a hankali ba, da dariya za a yi.

A 1955 ya yi abubuwa biyu da suka nuna ƙafar daga fuska biyu. A Love Me or Leave Me ya fito a ɗan daba mai ɗingishi, mijin mawaƙiyar da Doris Day ta fito a matsayinta, kuma ɗingishin bai canza ba daga farkon fim zuwa ƙarshe. A The Seven Little Foys kuma ya sake zama Cohan na 'yan mintuna, shi da Bob Hope, wani tsohon ɗan bodabil, suka hau kan teburin liyafa suka yi gasar rawa. Bai karɓi ko sisi ba, don girmama Eddie Foy, wanda fim ɗin ke ba da tarihinsa.

Ya ajiye aiki bayan One, Two, Three na Billy Wilder a 1961, fim ɗin barkwanci da ake ɗauka a Berlin aka wayi gari an fara gina katangar da ta raba birnin. Gudun maganar da Wilder ya nema ya gajiyar da shi, har wani sin sai da aka yi ta maimaita ɗauka, abin da bai saba ba. Ya koma gonarsa a Stanfordville ta jihar New York, yana kiwon dawaki da shanu, yana zane. Aka neme shi a My Fair Lady ya ƙi, aka neme shi a kashi na biyu na The Godfather ya ƙi. Shekara 20 bai tsaya gaban kyamarar fim ba. Ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki suka taɓa ƙafafun, likitoci suka ba shi shawarar ya koma aiki ko jikin zai motsa, sai ya karɓi rol ɗin kwamishinan 'yan sanda a Ragtime na Milos Forman a 1981, kuma kusan duk a zaune ya yi shi. Ya rasu a gonar ranar 30 ga Maris 1986 yana da shekara 86. Ronald Reagan, tsohon abokin aikinsa a Warner wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa, ya yabe shi a wata sanarwa, cikin masu ɗaukar gawar kuma akwai ɗan dambe Floyd Patterson da ɗan rawa Mikhail Baryshnikov.